Tambayoyi Takwas Kafin Ka Kama Sitiyari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Kano lafiya, Ya haɗa ka da abokan zama na gari, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya. Ka gaida maigidanka Alhaji Bala da kyau, ka ce ina godiya da riƙon da yake yi maka.

Na sa wannan takarda a aljihun jakarka, ƙarƙashin ƙuli-ƙulin da ƙanwarka Safiya ta aiko maka, don na san nan hannunka zai fara zuwa. Za ka yi mamaki. Shekara ashirin da biyar muna gida ɗaya, ƙofar ɗakinka na kallon tawa, amma sai da za ka tafi na ɗauki biro. Kwana huɗu ina rubutun nan. In ka ga wani layi ya karkace ya gangaro ƙasa, ba biron ne ya lalace ba, ubanka ne barci ya sace yana tsakiyar kalma. Kuma maganar da zan yi maka ke nan.

Alhaji ya ce nan da Juma'a biyu zai damƙa maka tirela, ka yi lodin shanu a nan karar Wudil ka kai kudu, kai ne direba, ba mai karɓarka. Allah Ya sani na yi murna. Amma a cikin ambulan ɗin nan akwai takardu biyu masu tambayoyi a kan barci, a asibiti na karɓo su. Ina so ka cike su da gaskiya, ka kai wa likita kafin ka hau motar nan. Ni ma an taɓa ba ni irinsu na cike da ƙarya, kuma ba a kaina ƙaryar ta ƙare ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka yi tsaki.

Abin ya same ni ina ɗan shekara goma sha shida, a gidanmu na Lajawa. Sai in yi barcina na dare kamar kowa, amma da hantsi in na zauna a kan kunya don in sha ruwa, shi ke nan an ɗauke ni. Kakanka da ka ci sunansa mutum ne da ba ya ƙaunar rago ko a mafarki. Ya dake ni har ya gaji. Ya hana ni furar rana, wai ita ke kashe min jiki. Da abin ya ƙi, aka koma rubutu da turare, musamman da na gaya wa Inna cewa in na kishingiɗa a gindin ɗorawa nakan farka ina jin maganar mutane sarai, amma ko ɗan yatsa ba na iya motsawa. Aka ce dannau ne ya aure ni. Samarin unguwa suka raɗa min Sarkin Barci, har da faɗuwa suna gaisuwa in na zo wucewa.

Duka bai dame ni ba kamar yadda na yarda da su. Na yarda ni rago ne, kuma na ɗauki alkawari ba wanda zai sake kama ni. Na koyi cin goro har haƙorana suka rine. Da na zama malamin firamare, shekara talatin ina koyarwa ban taɓa zama a kujerar malami ba, ina ta kai da kawowa a gaban allo kamar mai jiran haihuwa. Hedimasta har misali yake yi da ni a taron malamai, wai ga mai himma. Bai san in na zauna minti biyu sai dai yara su tashe ni ba. Abba, rago yana jin daɗin barcinsa, ya tashi yana miƙa. Wanda barci ke fizga da rana tsaka, yana faɗa da shi yana kayar da shi, wannan mara lafiya ne, kuma mara lafiya likita yake nema. In wani ya kira ka rago, ka bar shi da bakinsa, amma kai kada ka kira kanka.

Akwai abin da ya fi barcin muni a wurina, shi ne dariya. Kana ɗan shekara biyu lokacin. Muna da majalisa a bakin titi kusa da gada, kullum bayan La'asar, kuma a cikinmu akwai wani mai gyaran keke da in ya fara ba da labari sai an riƙe ciki. Ran nan ya kawo labarin yadda sa ya kori wani dillali har cikin rumfar mai shayi, na tuntsire da dariya. Sai na ji gwiwoyina sun zama ruwa, haɓata ta saki, na zame daga benci na zube ƙasa. Idona a buɗe, kunnena na ji, bakina ne kawai ya ƙi. Ina kwance na ji wani yana cewa, "Ku ja baya, farfaɗiya ce, kada yawunsa ya taɓa ku." Wani ya ce, "Kai, iska ce, dama an ce tun yana yaro yake da su." Ko minti biyu ba a yi ba na tashi na kakkaɓe rigata. Washegari da na zo aka matsa min a benci, matsawar da ta wuce ta girmamawa. Daga ranar ban koma ba, kuma ba wanda ya zo ya tambayi dalili.

Daga nan na gane duk lokacin da dariya ta zo min da ƙarfi, ko wani farin ciki ya zo ba zato, jikina sakewa yake. To, sai na yi abin da ya fi min sauƙi, na daina dariyar. Ka tuna ranar da ka sa hulata ka ɗauki alli, ka tara kajin Ummanka kana koya musu baƙaƙe? Ba za ka tuna ba, ka yi ƙanƙanta. Ummanka ta yi dariya har da hawaye. Ni na cije leɓe na fice soro, na jingina da bango har abin ya wuce. Mutane suka ce Malam Hamisu akwai alkunya, ko kallon ɗan fari ba ya yi, na kuwa ji daɗin wannan mafaka na shige ciki. Ka girma kana rage murya in ka ji takun takalmina. Na sha jin ku da Safiya kuna shewa a tsakar gida, ina yin sallama sai wurin ya yi tsit. Ina jin zafin shirun nan har yau. Ba fushi nake da ku ba, ɗana, tsoro nake kada in faɗi a gabanku.

Don haka in kana da wani abu a jikinka, ka samu mutum biyu ko uku da ka yarda da su ka gaya musu da bakinka, tun kafin su gani su fassara da kansu. Da na ce wa 'yan majalisar nan, ga yadda nake, in na faɗi ku ba ni minti biyu, da wasu sun gudu, amma da wasu sun zauna. Ni ban ba kowa damar zama ba. Yanzu ga ni, in an idar da sallah kowa ya kama hannun abokinsa, ni in kama hanyar gida.

Mutum ɗaya ne ya kutso duk da haka. Za ka iya tuna Bitrus, mutumin Filato da ya yi haya a gidan da ke jikin namu, ma'aikacin jinya a asibitin jami'a, wanda yake kawo muku dankalin Turawa in ya dawo daga hutun Kirsimeti. Shi ba ya jiran a gayyace shi, shigowa soro yake ya shimfiɗa dara. Sau da yawa yana cikin wasa sai ya ɗaga kai ya ga barci ya tafi da ni, ɗan dara a hannuna. Bai taɓa yi min dariya ba. Wata ranar Asabar ya zo da takarda a hannu.

"Malam, ina so in yi maka tambayoyi takwas," ya ce. "Ba jarrabawa ba ce, ba a faɗuwa. Kowace tambaya ka gaya min yadda barci yake iya ɗaukarka. In ba ya ɗauka sam, sifili. In kaɗan, ɗaya. In tsaka-tsaki, biyu. In da wuya ka tsira, uku."

Na ce, "Bismillah, ai mu ne masu ba da maki."

"In kana zaune kana karatu fa?"

"Lafiya lau. Sa sifili."

"In kana zaune cikin taro, ba ka yin komai?"

"Alhamdu lillahi. To, sa ɗaya saboda huɗubar Juma'a, wannan kowa ma yana yi."

"In kana zaune kana hira da mutum?"

Ya dube ni, na dube shi, ga dara a tsakaninmu da bai fi minti goma da tashina a kanta ba. Na ce, "Sifili."

Haka muka bi su. Da ya zo kan wadda ke tambayar zama shiru bayan cin abincin rana, a takardar an ƙara da cewa ba tare da an sha giya ba, shi kuma ya karanta yadda yake a rubuce. Na samu abin da nake nema. Na ce, "Haba Bitrus, takardar mashaya ka kawo min? Wannan ai ta Turawa ce, ba ta shafe mu ba." Ya ce, "Malam, kai da ba ka sha, tambayar ta fi sauƙi a wurinka." Na ce ya sa ɗaya. Da ya haɗa, maki huɗu na samu cikin ashirin da huɗu, wato lafiyata ta fi tasa.

Ka san yadda muke. In an ce ina gajiya, ka ce ba gajiya, ko da ka wuni kana huɗa. In an ce ya jiki, ka ce da sauƙi, ko da ana riƙe da kai. Tarbiyya ce mai kyau, da ita aka raine mu, kuma da ita na raine ka. Amma ni na ɗauki wannan tarbiyya na kai ta inda ba wurinta ba. Na amsa tambayar mai magani yadda ake amsa gaisuwar hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Abba. Wanda ya tambaye ka don ya gaishe ka, ka ce lafiya. Wanda ya tambaye ka don ya rubuta, ka gaya masa abin da ke akwai.

Ana haka Ummanka ta kawo ruwa bakin ƙofar soro ta ciki. Bitrus ya ɗaga murya ya ce, "Maman Abba, don Allah tsaya nan inda kike. Malam, ka ba ni izini in tambaye ta?" Kunya ta hana ni hanawa. Ya sake karanto tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana bayan ƙofa tana amsawa a hankali.

"In yana karatu?"

"Uku. Littafin ma a ƙirjinsa nake ɗaukewa."

"In yana hira da mutum?"

Ta ce, "In da ni ne, uku. Ban san da wasu ba."

Nata lissafin ya ba da ashirin. Bitrus ya rubuta shi kusa da nawa, ya ce duk wanda ya haura goma ya kamata likita ya gan shi, kuma zai raka ni Kano da kansa ranar da na shirya. Ya ƙara da cewa, "Kafin nan, Malam, ka ajiye babur ɗin nan."

Ka san abin da na yi? Kwana uku ban ci tuwonta ba. Na ce ta tona min asiri a gaban baƙo. Ta ba ni haƙuri a kan gaskiyar da ta faɗa, ni kuma na karɓi haƙurin ina hura hanci. Bitrus kuwa na mayar da shi sai gaisuwa daga nesa, har aka yi masa canjin aiki ya koma garinsu ban sake zama da shi a kan dara ba. In Allah Ya ba ka wanda zai faɗi abin da ya gani a kanka ba tare da ya ƙara ko ya rage ba, ka riƙe shi da hannu biyu. Mai barci bai san ya yi barci ba, na kusa da shi ne ya sani.

Yanzu zan gaya maka abin da ya sa na kwana huɗu a kan wasiƙar nan.

Wata biyar bayan takardar, aka yi suna a Achika gidan ƙanwar Ummanka. Kana da shekara goma, muka bar ku a gida. Muka ci shinkafa muka yi Azahar, na ɗauko ta a babur muka kamo hanya. Rana ta take, hanya a miƙe, ba kowa. Abin da na sani shi ne ina kallon wata bishiyar kuka a gaba. Sai kuma na farka a cikin gonar dawa, bakina cike da ƙasa, babur a kan ƙafar Ummanka. Manoma suka sheƙo suna salati, suka ɗaga babur ɗin, wani dattijo ya ce, "Malam, garin yaya?" Ban ko yi tunani ba na ce, "Akuya ce ta gitta."

Ka san labarin akuyar nan, da shi ka girma. Ka ji ni ina ba 'yan dubiya shi, har da yadda na kauce mata. Abba, babu akuya. Barci na yi da mahaifiyarka a bayana.

An yi ɗori bai kama daidai ba, aka je asibiti aka sake, ƙafar dai ta gajarce. Shekara goma sha ɗaya tana ɗingishi tsakanin madafa da rijiya, kuma duk wanda ya tambaye ta sai ta ce, "Tsautsayi ne, akuya ce ta shiga gaban Malam." Sau ɗaya tak ta taɓa ni a kan maganar. Tana zaune tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, wai akuyar nan fara ce ko ja?" Na kau da kai. Ta ce, "Na ga lokacin da kanka ya sunkuya. Sau biyu na kira ka." Ta ci gaba da tsintar wakenta, ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah.

Za ka zaci daga nan na tafi asibiti. Ban je ba. Na rabu da babur, na ce gwiwa ke damuna. Zuwa asibiti yana nufin in yarda babu akuya, ni kuwa na riga na ba da labarinta sau ɗari. Ƙarya in ka yi ta sau ɗaya, kullum sai ka ba ta abinci. Ban taɓa buɗe baki na ce mata ta yafe min wannan abu da sunansa ba. Da tana jinyar ƙarshe na ce ta yafe min duk abin da na yi mata, irin yadda kowa ke faɗa, ta ce ta yafe. Amma ni na san a dunƙule na nema, don in tsallake wurin da ya fi ciwo. In ka yi wa mutum laifi, ka kira laifin da sunansa tun yana iya jinka.

Bayan rasuwarta, da mata ke fitar da kayanta, Safiya ta kawo min wata takarda da ta samu a ninke a cikin kwalla, ta ce ko ta makaranta ce. Rubutun Bitrus ne. Ga huɗu, ga ashirin, kusa da juna. Shekara goma sha ɗaya tana ajiye da ita, ko wata rana zan ce a miƙo min. Bayan sadakar arba'in na sa ta a aljihu na hau mota zuwa Kano.

Likitar da na samu yarinya ce, ba ta fi sa'arka da yawa ba. Ta sake min tambayoyin nan takwas, wannan karon na ba da amsa kamar mai ba da shaida. Ta ɗauko takarda ta biyu ta ce, "Baba, in ka yi dariya ko ka ji wani abu ba zato, gwiwarka tana sakewa? Haɓarka tana faɗuwa?" Na ce, "'Yata, wa ya gaya miki?" Ta ce, "Ba kowa, a rubuce yake, ba kai kaɗai ba ne." Ta tambayi dannau, ta tambayi ko ina ganin abubuwa ko jin muryoyi daidai lokacin da barci ke ɗaukata, ta tambayi ko barcin dare yana yanke min. Abubuwan da na ɓoye shekara arba'in, ga su a jere a takarda, an buga da inji. Aka ɗebi jini, aka yi wasu gwaje-gwajen, na yi ta komawa, sannan ta gaya min sunan abin, wai nakolefsi. Ta ce ba ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa ba ne, ba farfaɗiya ba ce, ba a kuma ɗauka a yawu. Ba ya warkewa ɗungurungum, amma ana lallaɓa shi da magani da ɗan barcin rana da aka tsara. Ƙwayar da kake gani ina sha da safe, wadda na ce maka ta hawan jini ce, ita ce. Ranar da na dawo, motarmu na hawa gada na kalli ruwa na fashe da kuka, har na kusa da ni ya yi min ta'aziyya bai san ta me ba.

Sauƙin da na samu ba kaɗan ba ne. Ina iya karanta shafi uku a zaune. Sai dai sauƙin ya zo lokacin da wadda za ta ce "ka gani ko, Malam" ba ta nan.

To, ga abin da na gani a kanka, kuma ina roƙon Allah Ya sa idona ne ya yi ƙarya. Tun bara na ga barci ya ɗauke ka da loma a hannu sau uku. Wanzami ya gaya min, yana dariya, cewa sai ya tallafe maka kai yake gama aski. Na ga gwangwanayen lemon ƙarin kuzari da kake tarawa a bayan ɗakinka, na tuna gorona. Ranar da Alhaji ya aiko da albishir ɗin mota, abokanka suka zo suna tsokanarka a ƙofar gida kuna dariya, ina leƙe ta soro na ga ka kama ƙyaure ka zauna da sauri, kanka ya yi ƙasa. Suka zaci wasa ne. Ni na san wannan zaman.

Ba na ce kana da abin da nake da shi ba. Na tambayi likitar, ta ce ba dole ne ɗa ya gada ba, yawanci ma ba sa gada. Ta ce barcin rana yana da dalilai da yawa, akwai ƙarancin barcin dare, akwai minsharin da ke toshe numfashi, akwai wasu cututtukan da ake maganinsu a wuce wurin. Takardar nan ba ta yanke hukunci, nuna wa likita inda zai duba kawai take. Mai yiwuwa a ce maka ka rage kallon waya ka kwanta da wuri, ka dawo ka yi min dariya. Wallahi zan so hakan.

Na rubuta maka Hausar kowace tambaya a ƙarƙashinta da fensir. Ka samu wuri ka zauna kai kaɗai. Kada ka amsa da yadda kake so ka zama, ko yadda kake ranar da ka sha lemon nan gwangwani biyu, ka amsa da yadda kake a 'yan watannin nan. Gajiya daban, barci ya ɗauke ka daban, barcin ake tambaya. In wata ba ta shafe ka ba, ka ƙiyasta yadda za ta kasance da ta same ka, kada ka yi irin wayon da na yi da giya. Akwai ta fasinja da ya yi awa guda a mota ba a tsaya ba, akwai ta kwanciyar hutawa da rana, akwai ta kallon talabijin. Ta ƙarshe ita ce taka, tana tambayar in mota ta tsaya 'yan mintoci a cunkoso. A nan hannunka zai so ya rubuta sifili, don ka san abin da wata lamba za ta iya jawo maka. Ka tuna tsayawar da kuke yi a shingen hanya, ka tuna ko yaran mota sun taɓa buga maka ƙofa kafin ka ja. In ka gama, ka ba wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ya faɗi nasa lissafin a kanka, ka kai duka biyun. Kuma in wani a gareji ya miƙo maka ƙwayar hana barci, ka ce ubanka ya hana.

Na san abin da nake nema ka sa a kan faifai. Shekara shida kana bin mota, kana wanke ta, kana kwana a ƙarƙashinta, don wannan rana. In likita ya ce ka dakata, za a ba wani makullin, kuma za ka ji kamar ni na ƙwace maka. Amma ni babur na tuƙa, da mutum ɗaya a baya, a hanyar da ba kowa. Kai tirela za ka ja, da shanu, da masu rakiyarsu a sama, ka ratsa garuruwan da yara ke tsallaka titi da tallan gyaɗa a ka.

Saboda haka ga abin da na yanke, gara ka ji daga gare ni. In ka ga likita kafin ranar, ka kira ni ka gaya min abin da ya ce, ko mene ne, mu san yadda za mu yi tare. In ranar lodi ta zo ba ka je ba, zan sa rigata in tafi kara in samu Alhaji Bala in gaya masa duk abin da na rubuta a nan, a gaban duk wanda ke wurin. Zai yiwu ka daina ɗaukar wayata. Zai yiwu Sallah ta zo ka aiko da gaisuwa ta bakin Safiya. Na auna wannan, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da kai kaɗai ka rage masa a gida. Zan iya zama a gidan nan kana fushi da ni a Kano shekara goma. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna a tabarma a ƙofar gida mutane suna zuwa suna cewa sai haƙuri, tsautsayi ne, ni kuwa na san na gani na yi shiru.

Allah Ya yi maka albarka, Abba. Allah Ya ba ka lafiya da abin yi na halal, a kan mota ko a ƙasa. Ya kiyaye ka a tafiya da zama, Ya kiyaye mutane daga hannunka, Ya kiyaye ka daga nasu. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya sa ta huta. Abin da na yi maka na ɗaurewar fuska tun kana yaro, ka yafe min. Wayata tana aljihun gaba, na ƙara mata ƙara, in ban ɗauka a kira na farko ba ka sake kira.

Wassalam.

Mahaifinka,
Hamisu
Wudil